Na je Lahore ganin masallaci, na ɓige da bin sawun Ranjit Singh

Salamu alaikum jama'a. Tunda na dawo daga Pakistan ake ta tambayata labarin taron Tabligh na Raiwind da yadda ya gudana, wannan in sha Allahu zan kawo shi daban. Yau wani abu ne ya tsaya min a rai nake so in sauke, labarin wani sarki wanda ba musulmi ba amma ya mulki ƙasar da yawancin mutanenta musulmi ne har shekara 40, daga 1799 zuwa 1839. Sunansa Maharaja Ranjit Singh, mabiyin addinin Sikh, suna masa kirari da Zakin Punjab, kuma har yau in ka ambaci sunansa a wurin mai shayi a Lahore sai an rabu gida biyu.

Ɗan wana yana karatu a can, shi yazo ya ɗauke ni bayan an tashi taro. Watan Nuwamba ne, sanyi ya fara, garin ya cika da hazo mai haɗe da hayaƙi wanda ke sa ido yaji maƙogwaro na ƙaiƙayi, kowa da takunkumi a hanci. Muka hau adaidaita sahu har bakin tsohon gari dan in yi Juma'a a masallacin Badshahi. Sarki Aurangzeb na daular musulmi ta Mughal ne ya gina shi tsakanin 1671 da 1673, jan dutse ne tun daga ƙasa har saman hasumiya, sai ƙubba uku farare tas na marmara, filin tsakiya kuwa in kana wannan ƙarshen da ƙyar kake gane fuskar wanda ke wancan ƙarshen. Bayan an idar muna zaune a inuwa sai wani dattijo mai jan gemu na lalle yazo ya gaishe mu, tsohon malamin makaranta ne da yayi ritaya yake zagayawa da baƙi, da yaji daga Najeriya muke sai ya zauna. Cikin hira yake cewa wannan filin da kukayi sallah yanzu, zamanin mulkin Sikh dawaki ake ɗaurewa a ciki, ƙananan ɗakunan da ke kewaye kuma sojoji ne a ciki da kayan yaƙi. Wallahi sai da naji wani abu ya tokare min ƙirji. Nace waye yayi haka? Sai ya nuna min da hannu ta gefen katanga, wani farin gini mai ƙubba da ado na ruwan zinari, yace ga shi can, tokarsa na ciki.

Ashe maƙwabta ne. Masallacin, da fadar Lahore, da wurin da aka ƙona gawarsa duk suna kallon juna, tsakaninsu wani lambu ne mai suna Hazuri Bagh, a gefen lambun kuma ga kabarin shahararren mawaƙi Allama Iqbal da sojoji tsaye suna gadi. Ginin Ranjit Singh yana harabar ɗaya da wurin ibadarsu na Dera Sahib inda Guru Arjan, ɗaya daga jagororin addininsu da suke kira Guru, ya rasu a 1606. Mai gadin ƙofa ya mana bayani cikin mutunci cewa wurin na masu ziyarar ibada ne, dan haka daga waje muka tsaya muka kalla.

Dattijon ya ja mu wurin shayi, a nan ya ɗauko labarin daga tushe, kuma gaskiya in ba ka san abun da ya gabata ba ba za ka gane mutumin ba. Tun wajen 1748 Ahmad Shah Durrani na Afghanistan yake saukowa Punjab da runduna, ya kwashe ya koma, ya sake dawowa. A 1762 aka kashe dubban mabiya Sikh a rana ɗaya, aka kuma tarwatsa babban ɗakin ibadarsu na Amritsar da albarushi. Waɗanda suka tsira suka koma rayuwar kan doki, suka rabu ƙungiya 12 da suke kira misl, kowacce da sardarinta, wato shugabanta, da yankinta, in maƙiyi yazo su haɗu in ya tafi su juya kan juna. A cikin ɗaya daga ciki, Sukerchakia, aka haifi Ranjit Singh a garin Gujranwala ran 13 ga Nuwamba 1780. Agana ta kama shi yana ƙarami ta tafi da idonsa na hagu ta bar masa zane a fuska, gajere ne, bai yi karatu ba bai iya rubutu ba. Ubansa Maha Singh ya mutu ya bar shi yaro ɗan shekara goma da 'yan kai. Wadda ta tsaya masa a farko surukarsa ce Sada Kaur, shugabar misl ɗin Kanhaiya, mace mai kaifin kai wadda take hawa doki ta fita fagen fama. Da ita suka shiga Lahore a watan Yuli 1799 yana da shekara 18, kuma abun lura shine manyan garin, har da musulmi, su suka aika masa yazo saboda sun gaji da sardarorin misl ɗin Bhangi da ke riƙe da garin. A 1801 aka naɗa shi Maharaja.

Wani abu da dattijon ya nanata: bai buga kuɗi da sunansa ba, sunan Guru Nanak da Guru Gobind Singh ne a jikin tsabar, gwamnatin ma Sarkar Khalsa ake kiranta wato ta jama'ar Sikh ba tasa ba. Harshen fada kuma Farisanci ne kaman yadda yake zamanin Mughal.

Washegari muka shiga fadar. Sarakunan Mughal ne suka gina yawancinta, Akbar da Jahangir da Shah Jahan, shi Ranjit Singh shiga kawai yayi ya zauna ya ƙara 'yan gine-gine. Akwai wata rumfa mai ƙofofi takwas da suke kira Athdara inda yake zama sauraron ƙara, ba wata babba ba ce ko kaɗan, in ba a nuna maka ba sai ka wuce ta. Kusa da ita Sheesh Mahal yake, ɗakin da aka liƙe bango da rufi da ƙananan madubai dubbai, yaron da ke tsaron wurin ya haska fitilar waya sama sai duk rufin ya ɗauki ƙyalli. A wani ɓangaren kuma akwai ɗakin ajiye kayan zamanin Sikh, a nan naga babban zanen nan na fadarsa da wani ɗan ƙasar Hungary August Schoefft yayi, mutane cunkus, rawuna kala-kala, masu gemu da marasa gemu, har da Turawa cikin kakin soja. Na daɗe a gaban zanen nan dan shine ya nuna min abun da baki bai iya faɗa min ba, wato irin mutanen da ya tara a gefensa.

Babban amininsa kuma mai kula da hulɗarsa da ƙasashen waje musulmi ne, Fakir Azizuddin, asalinsa mai magani ne. Ƙaninsa Nuruddin yana cikin masu riƙe da al'amuran Lahore, ɗayan kuma Imamuddin aka ba amanar ganuwar Gobindgarh a Amritsar inda ake ajiye dukiya. Manyan bindigoginsa a hannun musulmi suke, irin su Ghaus Khan da Ilahi Bakhsh. Wazirinsa Dhian Singh mabiyin addinin Hindu ne ɗan ƙabilar Dogra daga tsaunukan Jammu, manyan kwamandojinsa Diwan Mohkam Chand da Misr Diwan Chand su ma 'yan Hindu ne. Sannan a 1822 wasu tsofaffin sojojin Napoleon biyu suka iso, Allard bafaranshe da Ventura ɗan Italiya, ya ɗauke su aiki suka horar masa da runduna irin ta Turai mai fareti da albashi, daga baya Court da Avitabile suka biyo. Su mabiya Sikh sun raina yaƙin ƙasa, a wurinsu namiji a kan doki yake, sai da ya yi ta lallashi da ƙarin kuɗi kafin suka yarda su jera layi su riƙe bindiga. Ya gane tun da wuri cewa abun da Ingila ke cin Indiya da shi kenan.

Zuri'ar su Fakir ɗin nan har yanzu suna nan cikin tsohon gari ta ƙofar Bhati, gidansu ya zama gidan tarihi mai suna Fakir Khana, sai an nemi izini kafin a je. Lungu ne matsattse, babura na ta ƙaho, mai tuya na gefe, ka shiga wata ƙofa kawai sai ka tsinci kanka cikin ɗakuna cike da Alƙur'anai rubutun hannu da zane-zane da kyaututtukan da sarki ya ba kakanninsu. A nan aka ban labarin da kowa a Lahore ya sani, wai wani babban Baturen Ingila ya tambayi Azizuddin wanne ido ne maigidansa ya rasa, shi kuma yace kwarjinin fuskarsa bai taɓa barinsa ya ɗaga kai ya duba ba. Akwai kuma wanda ake cewa shi sarkin da kansa yake faɗa, wai Allah ya bar masa ido ɗaya ne dan ya kalli addinai duka da ido ɗaya. Labaran baka ne, amma yadda zuri'ar musulmi ke ba da su da alfahari bayan kusan shekara 200 shi kansa abun dubawa ne.

Da muka fito ɗan wana yace, Baffa kar fa daɗin bakin nan ya ɗauke ka, ka tambayi mutanen Kashmir da Peshawar kaji. Kuma yana da gaskiya. A kan titin Mall gaban gidan tarihi na Lahore akwai wata ƙatuwar igwa mai suna Zamzama, asali dan Ahmad Shah Durrani aka ƙera ta, ita aka ja har Multan a 1818 aka fasa ganuwa da ita, Nawab Muzaffar Khan ya fito da takobi shi da 'ya'yansa suka yi ta faɗa har aka kashe shi da biyar daga cikinsu. A 1819 aka ci Kashmir, kuma gwamnonin da aka tura can sun rufe babban masallacin Juma'a na Srinagar, sun hana kiran sallah a fili, yanka saniya ya zama laifin kisa, ga haraji mai nauyi. A 1831 a Balakot rundunarsa ƙarƙashin ɗansa Sher Singh ta kashe jagororin jihadi Sayyid Ahmad na Rae Bareli da Shah Isma'il, waɗanda duk wanda ya zauna da malaman wannan yanki yasan matsayinsu a zukata. Peshawar kuma a 1834 aka haɗe ta gaba ɗaya, daga baya aka ba Avitabile, mutumin da yake rataye mutane a bainar jama'a har sunansa ya zama abun tsorata yara, suna ce masa Abu Tabela. To kaga wanda ake yabo cewa shi da bakinsa ba ya yanke hukuncin kisa, ga abun da ake yi da sunansa a nesa da gida.

Ni dai abun da na fahimta, mutum ne da yasan darajar mutum mai amfani ko daga ina ya fito, kuma yasan ba zai iya riƙe Punjab da mabiya Sikh kaɗai ba tunda su tsiraru ne. Inda idonsa ke kaiwa ana samun sassauci, yana ba wuraren ibadar musulmi da na Hindu kyauta, wanda ya ci da yaƙi sau da yawa ba ya kashe shi sai ya ba shi gona da abun rufin asiri. Inda idonsa ba ya kaiwa kuwa talaka ya sha wuya. Zancen masallacin Badshahi har yanzu yana min ciwo kuma ba zan ɓoye ba, babu irin hikimar mulkin da za ta wanke ɗaure doki a inda ake sujada. Amma ba zan iya cewa ban ga abun girmamawa a wurinsa ba. Ko batun Moran ka ɗauka, wata musulma mai rawa da ya aura a 1802, malaman Sikh suka fusata, aka kira shi Amritsar gaban Akal Takht, babbar majalisar addininsu, aka yanke masa bulala, ya miƙa bayansa ya amince, sai da shugaban wurin Akali Phula Singh yaga ya sauke kai sannan aka yafe masa. Sarki mai runduna ya tsaya a gaban malamansa haka, ba kullum ake gani ba. Akwai masallaci a tsohon gari da har yau ake kira da sunan matar.

Da Ingila kuwa wayo ya yi musu ba ƙarfi ba. A 1809 ya sa hannu a yarjejeniyar Amritsar da Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila, kogin Sutlej ya zama iyaka, ya haƙura da kudu ya juya arewa da yamma, kuma har ya mutu ba su yi yaƙi ba. Ana ba da labarin an nuna masa taswirar Indiya yaga yankunan Ingila da jan launi sai yace wata rana duka za ta zama ja.

A tsakiyar Hazuri Bagh akwai wata farar rumfar marmara da ya gina a 1818, ana cewa dan murnar samun lu'ulu'un Koh-i-Noor ne, kuma ana cewa daga kaburburan Mughal aka ɓalle wani marmaran. Yadda ya samu dutsen a 1813 shima labari ne. Shah Shuja sarkin Afghanistan da aka tumɓuke yana tsare a Kashmir, matarsa Wafa Begum ta yi alkawarin dutsen in an kuɓutar da mijinta, aka kuɓutar da shi aka kawo shi Lahore sai ya fara noƙewa, Ranjit Singh ya sa aka tsare gidan aka matsa masa har ya miƙa. A dantse yake ɗaura shi ranar biki.

Ƙarshensa ba daɗi. Yana shan giya mai ƙarfi sosai, shanyewar jiki ta kama shi fiye da sau ɗaya har magana ta gagara, ya mutu ran 27 ga Yuni 1839. Matansa huɗu da kuyangi bakwai suka shiga wutar tare da gawarsa, al'adar da su kansu Gurus ɗin Sikh suka hana. Da dattijon ya faɗi wannan muna kallon farin ginin, tunanin kuyangin nan bakwai ne ya dame ni, ko waye ya tambaye su.

Daga nan sai rushewa, cikin sauri mai ban tsoro. Ɗansa Kharak Singh ya mutu a Nuwamba 1840, jikansa Nau Nihal Singh yana dawowa daga ƙona gawar uban duwatsun wata ƙofa suka rufto masa, nan kusa da lambun, dattijon ya nuna mana wurin. A 1841 Sher Singh ya ɗora ƙananan igwa a kan hasumiyoyin masallacin yana harbin fadar dan ya karɓi mulki, a 1843 aka kashe shi, aka kashe waziri Dhian Singh rana ɗaya. Aka ɗora yaro ɗan shekara 5, Duleep Singh, uwarsa Jind Kaur na riƙe masa. Sojoji suka zama su ke naɗawa su ke saukewa. Yaƙi na farko da Ingila 1845 zuwa 1846, sojojin sun yi faɗa na gaske a Ferozeshah da Sobraon amma manyansu Lal Singh da Tej Singh suna tare da abokan gaba a ɓoye. Gulab Singh wan Dhian Singh ya sayi Kashmir daga hannun Ingila kan rupi miliyan 7.5, a nan ne sarautar da rikicin Kashmir na yau ya samo tushe ta fara. Yaƙi na biyu ya ƙare a Gujrat, ran 29 ga Maris 1849 aka sa yaro ɗan shekara 10 ya sa hannu ya sallama ƙasa ga Kamfanin Gabashin Indiya, Koh-i-Noor kuma ga Sarauniya Victoria. An raba shi da uwarsa, ya zama kirista, aka kai shi Ingila, da ya girma ya koma addinin iyayensa ya nemi ƙasarsa bai samu ba, ya mutu a wani otal a Paris a 1893. 'Yarsa Bamba ta dawo Lahore ta zauna har ta rasu a 1957, kayanta ne ma ke cikin ɗakin zanen da na faɗa. Dutsen yana Landan, kujerar zinarinsa ma tana gidan tarihi a can.

Ina zaune a matakalar rumfar nan nake lissafi, zamaninsa fa shine zamanin Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello, Bello ya rasu 1837 shi kuma 1839. Daular Sakkwato ta kai 1903 kafin Turawa su ci ta duk da rigingimun cikin gida, tasa shekara 10 kacal ta yi bayansa. A ganina bambancin shine su Shehu sun bar rubutu da tsarin da ake komawa gare shi in sarki ya mutu, shi kuwa duk igiyoyin a hannunsa suke, Dogra da Sikh da musulmi da Bature kowa shi yake kallo ba junansu ba.

Mun je Gujranwala ma, tafiyar awa ɗaya da wani abu ta hanyar arewa. Gidan da aka haife shi yana cikin tsohuwar kasuwa, sai ka ratsa masu kifi da masu kayan miya, gini ne na bulo mai tsakar gida da baranda, tsufa ya kama shi sosai, akwai ɗan allo a jikin wani ɗaki da ke nuna nan ne. Mutanen garin sun fi son su ba ka labarin 'yan kokawarsu da gasasshen nama, kuma gaskiya naman ya yi, lassi ɗinsu kuma, wato kindirmon da suke kaɗawa, kofi ɗaya ya ishe ka wuni.

Abun da ya rage min shine Amritsar, inda ya sa aka lulluɓe ɗakin ibadarsu da zinari har ake kiransa Haikalin Zinari. Daga Lahore kilomita 50 ne ko ƙasa da haka, amma rabuwar 1947 ta saka iyaka a tsakani, babban birninsa ya faɗo Pakistan birnin ibadarsa ya faɗa Indiya. Mun je bakin iyaka a Wagah da yamma mun kalli faretin sauke tuta, sojojin ɓangare biyu na buga ƙafa jama'a na ihu, muka juyo tunda ba mu da bizar Indiya. Duk mai niyyar ganin biyun ya nemi bizar tun daga gida kuma ya bincika ko ƙofar na buɗe a lokacin, dan in dangantaka ta yi tsami rufe ta suke. Wanda kuma Lahore kaɗai zai tsaya, ya shiga fadar da sassafe kafin 'yan makaranta su cika ta, ya sa a kira masa Fakir Khana tun kafin ranar, kuma in zai iya ya kauce wa Nuwamba da Disamba saboda hayaƙin.